Za mu hau Chappal Waddi: me za mu goya, me za mu bari a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne daga Kano, muna shirin zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti a watan Janairu domin mu hau dutsen Chappal Waddi, kuma za mu kwana uku a daji. Ban taɓa hawa abin da ya wuce Dala da Goron Dutse ba. Na duba kayan zango da ake tallatawa a intanet, kuɗinsu ya ɗaga min hankali. Mene ne ya zama dole mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, yawancin abin da kuke buƙata yana gida ko a rumfunan gwanjo na Ƙofar Wambai. Abin da ke wahalar da sabon mahayi yawan kaya ne, ba rashinsu ba. Ƙa'idar da masu tafiyar ƙafa ke bi ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Idan kilo 65 gare ka, iyakarka kilo 13, har da ruwa da abinci, kuma ka tuna kowace lita ta ruwa kilo guda ce. Tunda ku huɗu ne, tukunya ɗaya, wuƙa ɗaya da akwatin magani ɗaya sun ishe ku, sai ku raba a tsakaninku.

Inda ban yarda a yi tsimi ba shi ne maganin sanyi. Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, tsawonsa mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi a Najeriya, yana kan iyakar Taraba da Kamaru. Duk mita dubu da ka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri shida da rabi. Tsakanin Kano da ƙololuwar akwai tazarar kusan mita 1,900, wato ka ɗauki sanyin asubar hunturu da ka sani, ka ƙara masa sanyin digiri goma sha biyu, sannan ka ƙara iska. Bargon gida yana da nauyi, yana kuma shan raɓa. Nemi jakar barci a gwanjo, da katifar soso siririya mai naɗewa. Mutane kan raina wannan soson, alhali ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki da dare fiye da iska. Haɗa da hular sanyi da safa guda da ba za ka sa ba sai lokacin kwanciya.

Tufafi kuwa, ka bar shadda da wandon jins a gida. Auduga tana riƙe gumi, ta ƙi bushewa, da yamma ta yi sai ta koma kamar tsumman randa a jikinka. Rigar ƙwallo ta fi ta nesa ba kusa ba, don nan da nan take bushewa. Biyu sun isa, sai rigar sanyi ɗaya da rigar ruwa mara nauyi wadda za ta tare iska. A ƙasa-ƙasa kusa da koguna akwai tsando, kuma baƙi da shuɗi suke bi, saboda haka ku zaɓi ruwan ƙasa ko kalar kaki, masu dogon hannu.

Takalmi shi ne zai yanke hukuncin tafiyar. Kada ka kuskura ka buɗe sabo a ranar hawa. Sayi mai kaushin ƙasa wanda ya ɗan fi ƙafarka kaɗan, ka yi makonni kana yawo da shi. Yanke farce kafin ku tashi, domin a gangara yatsu ke dukan bakin takalmi, kuma saukowa ta fi hawa cin ƙafa. Da zarar ka ji wani wuri ya fara zafi, tsaya ka manna filasta tun bai yi bororo ba. Silifas mara nauyi zai yi maka amfani wajen alwala da hutawa.

A Janairu ruwan sama ba abin damuwa ba ne sosai, don haka tanti mai tsada ba dole ba ne. Ƙananan tantuna biyu na mutum bibbiyu sun wadatar, ko tamfol da igiya da gidan sauro a zangon ƙasa. A can sama dai na fi son tanti saboda iska.

Wajen abinci mu Hausawa mun ci gado, tun zamanin fatake aka san guzurin da ba ya lalacewa. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, garin kwaki da sukari da madarar gari, sai taliyar Indomie da ganyen shayi don a sami abu mai zafi da dare. Ku juye komai a leda, ku bar gwangwani da kwalba. Ashana a ƙulle ta a leda ita ma. Ciyawa a bushe take a wannan lokaci, don haka wuta sai inda jagoranku ya amince, kuma ku kashe ta da ruwa kafin ku tashi.

Ruwa ba a goyo na kwana uku. Kowa ya riƙe gora biyu na lita ɗaya da rabi, ku riƙa cikawa a rafuka. Amma komai garai ɗin ruwan kada ku sha haka, akwai shanu a tuddan nan. Ko dai ku jefa ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs ku jira minti 30, ko ku tafasa: minti ɗaya a ƙasa, minti uku idan kun haura mita 2,000. Ku tafi da ƙullin gishiri da sukari na kemis saboda gudawa. Idan ya ƙare, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Tocilan ta goshi ta fi ta hannu, kuma kada ku dogara da fitilar waya. Sabis zai ɓace, sai ku sa wayoyin a yanayin jirgi, ku sauke taswira tun kuna gari, ku riƙe fawa bank.

Kafin komai ku tuntuɓi ofishin gandun da ke Serti, kan hanyar Jalingo zuwa Gembu. Su ne za su ba ku izini da jagora, su ne kuma suka san halin tsaro da na hanya a makon da za ku je, kuma idan suka ce a dakata, a dakata. Idan akwai 'yan dako a ƙauyen da za ku tashi, ku ɗauka, babu abin kunya a ciki.

Sai maciji. Ku zazzage takalmi da safe kafin ku sa, kada ku zura hannu a ƙarƙashin dutse ko cikin tarin itace, kuma ba a fita da dare ba fitila. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe ko agogo, a ɗaura wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa asibiti mafi kusa da ke da allurar maganin dafin maciji. Ku tambayi ma'aikatan Serti wane asibiti ne wannan tun kafin ku shiga daji. Allah Ya kai ku lafiya.