Ku Tambayi Kawu: S-Presso ko Grand i10, wacce za ta iya da Jos?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Jos, ina zaune a Rikkos. Ƙungiyar adashin wurin aikinmu za ta ba ni rancen mota, amma sharaɗinsu sai sabuwa dal, ba sa yarda da 'yar Kwatano. Kuɗin ya tsaya ni tsakanin Suzuki S-Presso da Hyundai Grand i10, ta biyun ta fi tsada. Yarana uku, babbansu shekara 11. Layinmu da damina sai addu'a. Abuja kuwa ba na wuce zuwa sau biyu a shekara. Maigida ya ce S-Presso kamar akwatin ashana take. Wacce zan ɗauka? Daga Maman yara uku, Rikkos.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya sanya alheri. Ki gaida maigida, ki ce Kawu ya ce bai yi ƙarya ba, akwatin ashana ce. Sai dai ita zan ce ki saya, kuma ga dalilina.

Duka biyun a Indiya ake ƙera su, kuma duka an yi su ne don mai lissafin kuɗin mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya zama mai wannan lissafin, har waɗanda a da suke wa ƙaramar mota dariya. S-Presso injinta lita 1.0 ne mai silinda uku, nauyinta bai kai kilo 800 ba, tankinta lita 27. Grand i10 da aka fi gani injinta lita 1.2 ne mai silinda huɗu, tankinta lita 37. A hanyarki ta kullum, daga gida zuwa makarantar yara zuwa asibiti, da tsaye-tsayen Terminus da cunkoson Bauchi Road, mai ƙaramin injin ce za ta fi barin miki canji a jaka.

Amma ba mai ne ya sa na zaɓe ta ba. Layinku ne. Tsakanin cikin S-Presso da ƙasa akwai milimita 180, kusan tsawon tafin hannun babban mutum har da yatsu, Grand i10 kuwa ta fi ta kwanciya. A takarda bambancin kamar ba komai. Ni na san abin da yake nufi, domin shekarun baya ina da wata 'yar mota mai ja da ciki, na shiga da ita wani layi a Gangare bayan ruwan Agusta. Ruwa ya kwashe ƙasa ya bar dutse tsirara a tsakiyar hanya, irin duwatsun nan namu na Filato da ba sa jin lallashi. Na ji ƙwas a ƙarƙashina, na ce ba komai. Kafin in kai bakin titi fitilar baƙin mai ta kama, na waiwaya na ga layin mai yana bina a baya kamar an ja zare. Kwanon baƙin man ne ya fashe. Yara suka taru suna kallo, ni kuma ina tsaye da babbar riga ina neman mai janwe. Tun ranar, in an nuna mini mota, sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta kafin in kalli fenti.

Yanzu bari in faɗa miki inda maigida yake da gaskiya. Faɗin S-Presso mita 1.52 ne, na Grand i10 kuwa 1.68. Santimita 16 ke nan, kuma a kujerar baya za ki gan su. Yara uku yanzu za su shiga, da ɗan "Mama kin ga ya matse ni". Nan da shekara huɗu, in babban ya fara tsawo, shi zai koma gaba. Manya uku a baya kuwa, kada ma ki ɗauko zancen ranar biki.

Sai hawa. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, iskarmu ba ta da kauri, don haka duk injin da ba shi da tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yakan rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a nan. Babban inji ba ya nunawa, ƙarami yana nunawa. In kin cika mota da yara da kaya kina dawowa daga Abuja, a Hawan Kibo za ki sauko giya ta uku ko ta biyu, ki kashe esi, ki bi tirela a hankali har sai hanya ta buɗe. Kuma mota mara nauyi mai tsayi tana jin iskar babbar mota in ta gifta, sai kin riƙe sitiyari da hannu biyu. A irin wannan tafiya Grand i10 ta fi natsuwa nesa ba kusa ba. Da kin ce mini duk ƙarshen mako kina hanyar Akwanga, da ita zan ce ki ƙara kuɗi ki ɗauka. Sau biyu a shekara kuwa bai isa ki biya bambancin ba, ga ribar rance a kai.

Batun hatsari kada dillali ya yi miki daɗin baki a kan ko wacce. A gwajin karo da hukumar Global NCAP ta yi a 2020, S-Presso ta kasuwar Indiya mai jakar iska ɗaya ba ta samu tauraro ko ɗaya ba cikin biyar, Grand i10 ta samu biyu. A 2022 aka gwada S-Presso da ake kai wa Afirka ta Kudu, mai jakar iska biyu, ta samu uku. Saboda haka ki tabbatar wadda za a ba ki tana da jakar iska biyu a gaba da birkin ABS, mai hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi, a rubuce, ba da baki ba. Yara kuma kowa da bel ɗinsa, ko da zuwa Islamiyya ne.

In kin iya kuloci, ki ɗauki mai giyar hannu. Otomatik ɗin S-Presso ba irin na Corolla ba ne, giyar hannu ce da na'ura take canja miki, shi ya sa takan ɗan yi jim kafin ta shiga ta gaba. Wasu sun saba cikin mako guda, wasu har yau suna tsaki. Ki gwada ta a kan tudu, ki tsaya cak, ki tashi, ki ji da ƙafarki.

Kafin ki sa hannu, ki tambayi abu biyu. Na farko, ina za a riƙa yi mata juyen baƙin mai ba tare da garanti ya lalace ba? In sai an kai ta Abuja, ki sa kuɗin mai da wunin da za ki ɓata cikin farashin. Na biyu, ki je Farin Gada da kanki, ko ki aiki bakaniken gidanku, a tambayi matatar mai, takalmin birki da fitilar gaba ta kowacce. Wadda aka ce "sai mun aika Legas" a kan takalmin birki, ki sake tunani, ko da ita ce wadda na zaɓa miki.

Farashi kuma yana bin dala, don haka ki sa su rubuta miki shi da kwanan wata kafin ƙungiyarku ta fitar da cek. Ranar gwaji ki tafi da maigida da yaran duka, ki sa shi ya zauna a baya tare da biyu daga cikinsu, ku bi ta layinku.