Ƙanena ya samu sauƙi ya ajiye maganin ƙanjamau

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Ƙanena yana ɗauke da cutar ƙanjamau, ni kaɗai ya faɗa wa. An ɗora shi kan magani ya murmure, bayan kaka ya tafi cirani Legas ya bar sha. Ya dawo a rame, ga tari. Me ke sa mutum ya bar abin da ya ga amfaninsa? Za a sake karɓarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Za a karɓe shi, kuma maganin kyauta ne a asibitin gwamnati. Ki kai shi cikin makon nan. Tarin nan ya fi damuna. A gwada kakinsa, don tarin fuka ne kan gaba wajen kashe masu wannan cuta.

Sauƙin da ya samu shi ya yaudare shi. Ƙwaya ɗayan nan da ake sha kullum, wadda ake kira TLD, danne ƙwayar cutar take yi, ba ta kawar da ita daga jiki. Aka daina, cikin 'yan makonni ta farfaɗo. Sha yau a bar gobe kuma yana ba ta damar sabawa da maganin har ya daina cin ta.

Amma a aikina, ɓoyo ya fi komai raba mutane da magani. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna Jigawa tana cikin jihohin da cutar ta fi ƙaranci, kusan mutum 3 cikin 1,000. Alheri ne, sai dai mai ita yakan ji kamar shi kaɗai aka jarraba. Sai ya tsallake asibitin kusa ya tafi Kano don kada a gan shi, kuɗin mota ya ninka, ran da babu ya fasa. Mace ta tura robar maganin ƙasan adaka saboda kishiya, ranar da ɗaki ya cika da baƙi ba ta sha ba. Ɗan cirani kuwa yana kwana da mutum goma. A gaban wa zai ɓalle murfi? Ban ga laifin ƙanenki ba, tausayinsa nake ji.

Akwai kuma masu lasifika a kasuwa da ke rantsuwa suna warkar da ita. Kada ya ba su ko sisi.

Kafin tafiya ta gaba ya faɗa wa ma'aikatan asibiti. Wanda jikinsa ya daidaita ana ba shi na wata 3 zuwa 6 a haɗe, ko takardar da zai karɓa a garin da ya je. Ya ɗaura shan da abin da ba ya wuce shi, kamar sallar Asuba. Da azumi ya mayar bayan buɗa-baki ko sahur. Idan an same shi da tarin fuka, za a ƙara masa wata ƙwaya, domin maganin tarin yana rage ƙarfin wannan.

Bayan wasu watanni za a auna yawan ƙwayar cutar a jininsa. Idan ta kwanta har na'ura ta kasa ganinta, ba zai sa wa iyalinsa ta hanyar saduwa ba. In yana da mata, ki lallashe shi a gwada ta. Ranar komawa kuma ki raka shi da ƙafarki, kunyar shiga shi kaɗai na iya juyo da shi daga bakin ƙofa.