Amsa kan manhajar gano kod a gitar pedal steel

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na ji saƙonka tun daren jiya, caji ne ya ƙare min. Ka ce kana neman manhajar da za ka kunna wa waƙa ta gaya maka kod ɗin (wato haɗin sautukan da ake kaɗawa tare) da mai gitar pedal steel yake bugawa, don kukan ƙarfen nan na waƙoƙin King Sunny Adé ya hana ka sukuni. To, wannan hannun Demola Adepoju ne, shi ne ma ya buga wa Paul Simon a faifansa na Graceland a 1986.

Manhajoji akwai su. Akwai Chordify, akwai Chord ai, ka ba su waƙa su jero maka kod. Moises kuma tana raba sauti, ta cire maka murya da ganguna, kunnenka ya samu sarari. Amma fa tsaya ka ji. Duk sunan kod kawai za su ba ka. Su ce G, shi ke nan. A ina za ka ɗora ƙarfen? Wace feda za ka taka? Wannan ba ruwansu.

Kuma a nan gizo yake saƙar. Gitar nan kwance take kamar tebur, tsirkiya 10, hannun hagu yana jan ƙarfe a kan tsirkiyoyin, ƙafa tana kan feda, gwiwa tana tura liba, su feda da liba suna canza sautin tsirkiya. A saitin tsirkiya na E9, wanda makaɗan Nashbil ta Amurka suka fi amfani da shi, G ɗin nan guda ɗaya wuri uku za ka same shi ba tare da wahala ba. Ka ɗora ƙarfen a layi na 3 cikin layukan da ke jikin gitar, ba ka taka komai ba, G ne. Layi na 10 ka danne feda A da B tare, G ne. Layi na 6 ka taka feda A, gwiwa ta ɗaga sautin E zuwa F, nan ma G ne. Ka gani? Suna ɗaya, amma kukan kowanne daban, kuma daɗin duk yana cikin yadda mutum ya sulale daga wannan zuwa wancan.

Ni na taɓa saka wata waƙa a wata manhaja, ba sai na faɗi sunanta ba, daidai inda mutumin ya ja ƙarfe a hankali sai ta rikice, ta zubo min kod har huɗu a wurin da kunnena ya ji biyu. Ban ga laifinta ba, sautin ne ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Abin da zan ce ka yi, fara da takardar saitin gitar da ke gabanka, wadda suke kira kofedan. Ita ce ke nuna kowace feda wace tsirkiya take ja. Misali feda A tana ɗaga ta 5 da ta 10 daga sautin B zuwa C#, ita kuma feda B tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga sautin G# zuwa A. Kuma ka duba da kyau, don jerin feda na makaɗi Buddy Emmons daban, na takwaransa Jimmy Day a juye yake. Ka zuba wannan a tebur a Excel, kod ɗin da kowane layi yake bayarwa daga layi 0 zuwa 12, daga nan abin maimaita kansa yake. Yamma ɗaya ka gama.

Sannan ka samo Transcribe! ko Amazing Slow Downer, ko ma Audacity tunda kyauta ce, ka rage gudun waƙar zuwa rabi ba tare da muryar ta sauka ba. Ka yanki daƙiƙa biyar ka yi ta maimaitawa. Manhaja ta ba ka sunan, tebur ɗinka ya ba ka wuraren, sai ka gwada a tsirkiya 3, 4, 5 ko 4, 5, 6 har ka ji wanda ya yi kama.

Ɗauko min hoton fedojin da libobin gitar ka turo nan, in ga ko nawa ne.