Ku Tambaya Mu Amsa: Musayar irin tumatir da zancen mai saurin nuna

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon tambayoyin tumatir ne suka yi mana yawa, kuma ba abin mamaki bane tunda ruwa ya fara ɗaukewa kowa na shirin zuba reno, mai iri na taƙama marar iri na zagaya gidajen abokai. Waɗanda suka yi kama da juna na haɗe su wuri ɗaya, wanda bai ga tashi ba yayi haƙuri ya duba amsar ɗan'uwanshi.

Daga wata uwargida a Daura: Salam Malam, dan Allah inada tambaya. Ina ɗan shuka tumatir a bayan ɗaki cikin buhuna da tsofaffin bokitai, bara maƙwabciyata ta bani iri ni kuma na bata na attaruhu. Nata tumatir ɗin manya ne jajur masu tauri, sai yayi sati bai ruɓe ba, amma ni da na shuka kowane gindi da kalar 'ya'yanshi, wani dogo wani kewayayye wani ƙanana duk ruwa, wani ma ganye kawai yayi ta zubawa. Shin canza mani tayi ko ƙasar tawa ce bata da kyau?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki ɗauki alhakin baiwar Allah, ina kyautata zaton abinda ta cire a tumatir ɗinta shi ta baki. Ki tambaye ta inda ita ta samo nata na farko, in ta ce maki a shagon masu kayan noma ta sayo cikin ɗan fakiti ko gwangwani, tau ki ce ta duba jikinshi ko an rubuta F1. Duk irin da kika ga F1 a bayan sunanshi, irin su Padma F1 ko Platinum F1 ko Cobra F1 da ake saidawa a nan arewa, haibirid ne, wato kamfani ne ya ɗauki tumatir iri biyu daban ya haɗa su da hannu, shukar farko takan fito bai ɗaya gwanin sha'awa, amma in aka cire iri a cikinta aka sake shukawa sai halayen su warwatse, kamar dai jikoki a gida ɗaya, wani ya ɗauko kakanshi na wajen uwa wani na wajen uba. Wannan shine abinda kika gani a bokitanki. Haka nan in tumatir ɗin kasuwa ta matse ta shanya, babu wanda ya san asalinshi.

Wanda ake musaya dashi hankali kwance shine wanda ba haibirid ba, kamar Roma VF da UC82B da na gargajiyar da mutane suka daɗe suna juyawa a hannunsu. Furen tumatir shi ke yiwa kanshi barbara, namiji da mace duk suna cikin fure ɗaya, shi yasa ba kasafai yake gaurayuwa da na maƙwabci ba ko da lambunan na kusa, saɓanin masara da iska ke kwasar mata gari daga gona zuwa gona. Attaruhun da kika bata ma ya fi tumatir saurin gaurayuwa, in akwai tattasai ko barkono kusa dashi ƙudan zuma na iya haɗa su, kinga itama tana iya zuwa maki da nata ƙorafin.

Daga wani dattijo mai noman rani a gefen dam ɗin Sabke kusa da Daura: Malam ni matsalata ruwa, da an shiga watan Maris rijiyar lambuna sai ta ja baya injin yayi ta shan iska, tumatir kuma lokacin yake tsakiyar 'ya'ya. Yaron wajena da ke karatu a Kanada yace can akwai masu lambu da ke musayar iri tsakaninsu kuma akwai mai nuna a kwana 55, yace zai taho mani dashi. In karɓa in bar namu?

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma, Allah yayi wa yaro albarka da ya tuna da lambunka yana can. Gaskiya ya faɗa maka, suna da wannan al'ada sosai, a Amurka ma akwai wata ƙungiya Seed Savers Exchange da tun 1975 aikinta kenan, tara tsofaffin iri da haɗa masu lambu su rinƙa ba juna. Kuma akwai masu saurin, irin su Stupice wanda asalinshi daga ƙasar Cek ne da Sub-Arctic Plenty na can Kanada ɗin. Sai dai akwai abu biyu da nake so ka sani kafin ka saki na hannu.

Na farko, kwana 55 ɗin nan ba daga ranar da ka zuba iri ake ƙirgawa ba, daga ranar dashe ne, sai ka ƙara sati 3 zuwa 4 na reno, kuma ranar da ɗan fari ya nuna ake nufi ba ranar da zaka cika kwando ba. Mutane da yawa nan suke ruɗewa su ce an cuce su.

Na biyun shine mai nauyin. Su abinda ke gajarta masu lokaci sanyi ne, ƙanƙara ke korarsu daga lambu, dan haka suka zaɓi tumatir ɗin da zai ɗaura 'ya'ya cikin sanyi ya gama kafin ta sauko. Mu kuma zafi da ƙarancin ruwa ke korarmu. Tumatir in rana ta haura digiri 32 zuwa 35 dare kuma bai yi sanyi ba, garin furen lalacewa yake, sai kaga fure yayi ɗorawa gwanin kyau ya bushe ya kakkaɓe babu ɗa ko ɗaya, kai kuma ka san Daura a watan Afrilu, digiri 40 ba labari bane. Irin da aka saba mashi da sanyin Kanada bai san wannan ba, bai san farin ƙudan nan namu mai sa ganye ya nannaɗe ya ƙanƙance ba, sannan yawancinsu 'ya'yan ƙanana ne masu laushin fata, na ci a gida ne, in ka zuba su a kwando aka ɗora a mota kafin a kai Katsina sun zama miya. Dillali ko kallonsu ba zai yi ba.

Ni a ganina ba iri ne matsalarka ba, kalanda ce. UC82B da Roma VF suna fara nuna wajen kwana 70 zuwa 80 bayan dashe, kuma gajeru ne masu tara 'ya'yansu kusan lokaci ɗaya su gama, shi UC82B ma a jami'ar Kalifoniya aka fitar dashi musamman dan masana'antar tumatirin gwangwani, shi yasa yake da tauri da ƙarancin ruwa, yana jure hanya kuma yana kyau da kauɗa. In ka zuba reno farkon Oktoba ka dasa ƙarshenta, tsakiyar Janairu ka fara tsinka, kafin Maris ta shigo rijiya ta fara rowa kai ka kwashe mafi yawa. Wahalar kawai renon Oktoba yana son rumfar ciyawa saboda ranar kaka da ɗan ragowar ruwan sama mai dukan ƙananan tsiro. Kuma ka leƙa lambunan da ke kusa da kai, duk wanda ka ga nashi na riga na kowa nuna shekara da shekaru a wannan ƙasa da wannan ruwa, tau wurinshi zaka je roƙon iri, ya fi maka na kowace ƙasa.

In yaro ya kawo ɗin, ka ware mashi kwami ɗaya a gefe ka gwada cikin hunturu, Disamba da Janairu sanyinmu na iya yi mashi daɗi. Amma a faɗa mashi shigo da iri daga waje yana buƙatar izinin hukumar NAQS mai kula da shigowar tsirrai da dabbobi, ba a aljihun jaka ake cusowa ba, kuma dokar nada dalili dan cututtukan tumatir da dama a jikin iri suke tafiya.

Daga wata ɗaliba a Katsina: Malam ya ake cire irin ne? Ni matsewa nake a kan tsumma in shanya a rana amma rabi baya fitowa.

Amsa: 'Yata tsumman ba laifi bane, iyayenmu da shi suka yi, ranar ce ke cutar ki. Ga yadda nake so kiyi. Tun a lambu zaki fara, ki zaɓi gindin da ya fi lafiya ya kuma riga sauran nuna, ki ɗaura mashi ƙyalle dan kada yara su tsinke, kada ki jira sai ƙarshen kaka ki kwashi ragowar da kasuwa ta ƙi, wanda ke haka duk shekara da hannunshi yake mayar da irinshi mai jinkiri. Ki ɗiba a gindi biyar ko fiye ba ɗaya ba. In sun nuna lugub ki yanka ki matse 'ya'yan da ruwansu cikin kofin roba ko kwalba, ki rufe da tsumma ki ajiye a inuwa. A zafinmu kwana 1 zuwa 2 ya isa, cikin hunturu yana iya kai 3, zaki ga wani farin abu ya taso a sama yana tsami har mutanen gida su fara tambayar me ya mutu a ɗakin girki, tau wannan tsamin ne ke narkar da yauƙin da ya lulluɓe kowane ƙwaya, shi yauƙin dama aikinshi hana iri tsira. Kada ki bari ya wuce haka dan zai fara tsira a cikin kofin. Ki zuba ruwa ki juya, masu kyau zasu nutse ƙasa, fanko da dusa su taso ki tsiyaye, ki maimaita har ruwan yayi fes, sannan ki baza a faranti ko tire a inuwa inda iska ke wucewa, kina murzawa da yatsa kullum dan kada su dunƙule, kamar sati ɗaya. Ba a kan kwanon rufi ba, ba a rana tsaka ba.

Ajiya kuma takarda tukuna sannan kwalba mai murfi, ki zuba 'yar busasshiyar toka a ƙasan kwalbar, ki sa a ɗakin da ya fi sanyi. Leda ita kaɗai tana tara gumi. In ya bushe da kyau yana shekara 3 zuwa 4 yana fitowa, amma zafin bazara na rage mashi kwana, dan haka kafin ki ba wani ki ƙirga ƙwaya 20 ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan sati ki buɗe, in 15 ko fiye sun fasa ki bayar da ƙarfin gwiwa, in basu kai 10 ba kada ki ja wa kanki kunya.

Daga wani mai lambu a Ƙofar Marusa: Malam ana cewa sharon ta cikin iri take zuwa, gaskiya ne? Mu nan dashe muke ba juna ba iri ba.

Amsa: Malam ai ku ne ma kuka fi shiga haɗari. Sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta, tsutsar wani ɗan ƙaramin malam buɗe littafi ce mai yawo da dare, asalinta Kudancin Amurka, ita ce ta yi ɓarnar 2016 har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Bata shiga busasshen iri, a ganye da 'ya'ya da tsofaffin kwanduna take tafiya, ƙwanta ƙanana ne ainun ido baya saurin kamawa. Kenan damin dashen da aka miƙo maka ta kan shinge na iya zuwa da ita, ƙasar da ke jikin saiwar kuma na iya zuwa da tsutsar nan mai sa saiwa tayi ƙulli-ƙulli, wadda in ta zauna a lambu fitar da ita aiki ne. Ka ɗaga ganye ka duba a haske, in kaga farin tabo kamar an kankare cikin ganyen an bar fatar, ka mayar da godiya ka bar mashi kayanshi. Wanda ke bin iri sune wasu cututtukan bakteriya da cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare, maganinsu jiƙa iri a ruwa mai zafin digiri 50 na minti 25, amma sai da ma'aunin zafi a hannu, in da ka ake yi dafa irin kawai za'a yi.

Daga wani matashi a Ƙofar Sauri: Muna da ƙungiyar masu lambu, muna so mu sa rana kowa ya kawo irinshi ayi musaya, me zamu kiyaye?

Amsa: Madalla ƙanena, ku sa ta cikin Satumba kafin a zuba reno. Kowane ƙulli a rubuta sunan irin ko sunan da kuke kiranshi, shekarar da aka cire, unguwar da aka noma, na rani ne ko na damina, da kwana nawa yayi daga dashe zuwa tsinkar farko, da boko ko da ajami duk ɗaya. Wanda bai san asalin nashi ba ya faɗa, ba abin kunya bane, a rubuta "ba a sani ba" mai so ya gwada. Ba sai an cika hannu ba, giram ɗaya na irin tumatir ya kai ƙwaya wajen 300, abinda murfin kwalbar lemo zai ɗauka ya ishi mai lambun gida har ya ba wani. Wanda kuka gani da launin ja ko kore an yi mashi wankan magani ne, a raba shi da yara da kaji kuma a wanke hannu. Ku gayyaci malamin gona na KTARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Katsina, in kuna da shi a kusa, kuma kada ku manta da tsofaffin cikinku dan galibi su ke riƙe da irin da ya ɓace a shago. In kuma wani ya ga abin ya karɓu yana so ya fara ƙullawa a fakiti da tambari yana saidawa, wannan ya tashi daga musaya ya koma sana'ar iri, sai ya nemi rajista da hukumar NASC mai kula da harkar iri ta ƙasa tukuna.