Likita, da gaske akwai ƙwayar maye mai maganin ciwon suga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekara 6 ke nan Babanmu yana fama da ciwon suga, yana shan metformin safe da dare. Ƙanena ɗan jami'a ya ce Turawa sun gano wata ƙwayar maye da ke gyara ciwon, har Baba ya fara cewa ya gaji da ƙwayoyin asibiti. Mene ne gaskiyar zancen? Daga 'yar'uwarka a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, rabin labarin dai ya kawo muku.

Sunan ƙwayar DOI, dangin amfetamin ce, kuma tana sa mutum gane-gane. Wani masani, Charles Nichols na Jami'ar Jihar Luwiziyana a Amurka, shi da abokan aikinsa suka gano a 2008 cewa ɗan mitsitsinta yana kwantar da irin kumburin cikin jiki a ƙwayoyin halitta da suka gwada a ɗakin bincike. A 2019 suka ba ɓerayen da aka ɗora wa abinci mai maiƙo, sai sugansu ya daidaita, kitsen jininsu ya ragu.

Me ya haɗa kumburi da suga? A irin ciwon Baba, jiki yana yin insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, amma tsoka da hanta sun daina jin kiransa, sai sugan ya taru a jini. Kitsen tumbi yana fitar da sinadarai masu ta da kumburi, su kuma suna ƙara wannan taurin kunnen. Shi ya sa binciken ya ja hankalina.

To amma Baba ba ɓera ba ne. Babu wata hukumar magunguna da ta amince da DOI a matsayin magani. Wanda ya sha yakan wuni ya kwana bai dawo hayyacinsa ba, zuciya na bugu, jijiyoyin jini sun matse. Ki ɗora wannan a kan dattijon da wataƙila yake da hawan jini.

Abin da ya fi damuna shi ne "na gaji" ɗin nan. Bara wani dattijo ya ajiye metformin ya koma jiƙo. Ƙaya ta soke shi a gona bai ji ba, don sugan ya kashe masa jin ƙafa, sai da ƙafar ta fara wari aka kawo mana shi.

Ki zauna ki tambayi Baba abin da ya gundure shi. In ciki ne yake murɗa masa, ya riƙa shan metformin ɗin yana cikin cin abinci. A dama masa fura ba suga, a raba shi da lemon kwalba ko da zafin garin nan ya kai inda ya kai, ya riƙa taka ƙafa bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata 3. Kowane dare kuma ki haska fitila ki duba tsakanin yatsun ƙafarsa.