Gado ko gida? Amsoshin wasiƙu uku kan jinyar ƙwaƙwalwa

Wasiƙun wannan makon a kan lalurar ƙwaƙwalwa suka taru. Na zaɓi uku, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ni uwa ce daga Tudun Wada. Ɗana mai shekara 27 ya yi wata biyu ba ya barcin kirki, yana magana shi kaɗai, yana cewa maƙwabta suna ƙulla masa sharri. Mun kai shi asibiti, likita ya daɗe yana yi masa tambayoyi, ya rubuta magani, ya ce mu dawo bayan sati biyu. Baffansa ya ce ba a ɗauki abin da muhimmanci ba tunda ba a ba shi gado ba. Ya zo da labarin wani waje da ake ajiye mutum wata shida, amma kuɗinsu sai na sayar da filina. In sayar?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ki bar filinki tukuna.

Baffan yaron yana auna kulawa da gado ne, kuma ba shi kaɗai ba, haka yawancinmu muka taso: in ba a kwantar da mutum an ɗaura masa ruwa ba, gani muke ba a yi komai ba. A ciwon ƙwaƙwalwa lissafin daban ne. Mafi yawan masu wannan lalura daga gida suke zuwa ganin likita, su karɓi magani, su koma cikin iyalinsu. Gado na wanda zamansa a gida ya zama haɗari ne: wanda ke maganar kashe kansa ko ya gwada, wanda ya fara ɗaukar makami, wanda ya daina ci da sha, wanda ya ƙi magani sam, ko wanda ba shi da mai tsaya masa. Tambayoyin nan da likita ya daɗe yana yi, wannan yake aunawa. Da ya ga yaron yana da uwa a tsaye, kuma yana karɓar magani, sai ya miƙo miki shi.

Ko an kwantar ɗin ma, galibi 'yan makonni ne, a kwantar da tarzomar ciwon, a daidaita magani, a sallame shi. Sauran aikin, wanda shi ne mai tsawo, a gida ake yinsa. Shi ya sa nake jin tsoron ki zuba dukiyarki kaf a wata shida, ya fito ba ki da na magani a wata na bakwai.

Shi wannan wajen da baffa ya ambata, ban ce duk masu zaman kansu gurɓatattu ba ne, akwai na ƙwarai. Amma mu mutanen Kaduna ba ma buƙatar a ba mu labari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, suna biyan kuɗi. Don haka kafin ko sisi ta fita, ki je da ƙafarki. Ki tambayi sunan likitan ƙwaƙwalwar da ke duba majinyata, da sau nawa yake zuwa a mako. Ki ce a nuna miki takardar rajistarsu da ma'aikatar lafiya. Ki ce za ki ga inda ake kwana da banɗaki. In aka ce ba a ziyara sai bayan wata uku, ko aka yanka wata shida tun ba a ga yaron ba, ki ɗauki jakarki. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta gindaya sharuɗɗa kafin a tsare majinyaci ba da yardarsa ba. Sa hannun baffa kaɗai bai isa a kulle baligi ba.

Abin da ke gabanki yanzu ƙarami ne amma sai da naci. Ke za ki riƙe maganin, ki ba shi ki ga ya haɗiye. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta awa nawa ya yi barci, me ya ci, me ya canza. Barci kan fara gyaruwa da wuri, zargin mutane da jin muryoyi kuwa sukan ɗauki makonni. Kada ki yi gardama da shi kan maƙwabta, ba za ki ci nasara ba, sai ma ya sa ki cikin jerinsu. Ki gaya wa likita gaskiya in yana taɓa wiwi ko tiramol, don ɓoye wannan kan ɓata lissafin magani. Addu'a da ruƙiyya ki ci gaba da su, ba sa faɗa da ƙwaya, amma duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti ko a kawo bulala, ki sallame shi cikin mutunci.

In kuwa ɗaya daga cikin alamomin haɗarin nan ya bayyana, kada ki jira sati biyun. Ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a ranar. Na san sunan da yaran gari ke kiran wurin, kuma na san shi ke sa mutane su zagaye shi su tafi nesa. Asibiti ne kamar kowane, da kati da layi da kantin magani.

Tambaya: Malam, daga Kawo nake. Matata ta haihu kwana goma ke nan. Ba ta barci ko jaririn ya yi, tana surutai, jiya ta ce yaron ba nata ba ne. Surukata ta ce iska ce ta jego, a bari a yi arba'in. In jira?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka jira ko gobe. Wannan shi ne irin wanda ake ba gado. Rikicewar hankali bayan haihuwa kan sami kamar mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yawanci a makonni biyun farko, kuma takan tsananta cikin kwanaki. Haɗarin yana kan uwa da jariri duka. Daga yanzu kada a bar ta ita kaɗai da yaron, ba don muguwa ce ba, don ciwo ne ke magana da bakinta. In akwai zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani ko jijjiga, fara da sashen gaggawa na babban asibiti irin Barau Dikko, domin wani lokacin cutar jiki ce ke rikita kai. Ka gaya musu tana shayarwa, su zaɓi maganin da ya dace.

Surukarka kuma kada ka yi mata tsaye a gabanta. Ka nemi wani babba da take jin nauyinsa, ka ce mata ita za ta zauna jinya. Uwar da aka ba aiki ta fi sauƙin lallashi. Labari mai daɗi shi ne yawancin mata suna warwarewa sarai in an kama abin da wuri.

Tambaya: Ni magidanci ne a Kakuri. An sallame ni wata huɗu da suka wuce, na ji sauƙi, na koma aiki. Maganin ya yi tsada. Mai kemis ya nuna mini wani mai araha, wani aboki kuma ya ce in daina kawai tunda na warke.

Amsa: Barka da arziki, Malam. Abokinka ya so ka, amma ka bar shawararsa a inda ya ajiye ta. Sauƙin da kake ji aikin maganin ne, kuma yanke shi kwatsam yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutum gadon da ya baro. Kwana goma a kwance, ga mai jinya, ga aikin da ya tsaya, ya fi maganin watanni tsada. Ko ciwon damuwa ne, ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware. Wasu lalurorin kuma shekaru ne. Ragewa aikin likita ne, a hankali.

An ce araha ba ta ado, amma a magani ba kullum ba. Magungunan ƙwaƙwalwa irin risperidone ko olanzapine na kamfani daban-daban kan bambanta a farashi alhali sinadarin ɗaya ne. Abin dubawa shi ne sunan sinadarin, ƙarfinsa, lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ka saya a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani, ba a tebur ba. Ka faɗa wa likita ƙarara cewa aljihu ya gaza. Akwai tsofaffin magunguna masu sauƙin kuɗi, akwai kuma allurar da ake yi duk bayan sati biyu zuwa huɗu ga wasu cututtukan. In kana da inshorar lafiya ta jihar Kaduna (KADCHMA) ko ta tarayya (NHIA), tambayi abin da ta ɗauke maka. In magani ya sa maka sandarewar jiki ko rawar hannu, kada ka sayi Exol, ƙwayar da ake bayarwa don rage wannan, da kanka, ka san yadda samari suka mayar da shi abin maye. Ɗauki kwalin mai arahar nan ka tafi da shi ranar ganin likita, ya duba da idonsa kafin ka fara sha.