Tambayoyi da Amsoshi: Me Ya Sa Wata Yake Rawa a Kyamarar Wayata?

An saba amsa tambayoyin waya da kwamfuta ne a wannan fili, amma saƙonni huɗu da suka iso mini a 'yan kwanakin nan duk a kan abu ɗaya suka haɗu, kuma daga kyamarar waya suka faro kafin su kai mu sama.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare. Na sayi ƙaramar na'urar hangen nesa domin in riƙa nuna wa ɗalibai wata, na ɗaura wayata a bakinta ina ɗaukar bidiyo. Abin da ya dame ni shi ne, ko ban taɓa ta ba, watan yana ta rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Jabu aka sayar mini, ko wayar ce ba ta da kyau? (Daga Unguwar Rogo, Jos)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin abin da ka kwatanta ba alamar jabu ba ce, kuma ba laifin wayar ba ne. Laifin iska ne. Idan ka tsaya gaban tukubar mai tsire da daddare ka kalli bangon da ke bayansa ta saman wutar, za ka ga bangon yana kaɗawa alhali bai motsa ba. Haske yana ɗan karkata duk lokacin da ya ratsa daga iska mai ɗumi zuwa mai sanyi, sararin da ke kanmu kuwa cike yake da curi-curin iska masu bambancin zafi, waɗanda ke cakuɗuwa suna wucewa ba tsayawa. Hasken tauraro yakan yi tafiyar shekaru a miƙe, kamar sabon yadin da aka goge, sai a 'yan kilomitocin ƙarshe iskar duniyarmu ta yamutsa shi kafin ya shiga idonka. Wannan ne ya sa taurari suke ƙyaftawa, ita kuwa Zara ba ta cika yi ba, saboda tana kusa da mu, tana da ɗan faɗi a ido, kuma rawar wani gefe nata tana shafe ta wani gefen.

Matsalar da ta dame ka ita ce ta dami manyan masana ilmin taurari shekaru aru-aru. Ka raba faɗin wata, yadda muke ganinsa, gida 1,800. Ko a kan duwatsun da suka fi ko'ina kyawun sama, iska tana baza hasken kowane tauraro ya cika kusan rabin gida ɗaya zuwa gida ɗaya daga cikin waɗannan. Na'urar hangen nesan da faɗin madubinta mai tara haske bai wuce santimita 10 zuwa 20 ba ta riga ta kai wannan iyaka. Ma'ana, wanda ya kashe maƙudan kuɗi ya gina madubi mai faɗin mita 10 zai tara haske mai yawa, zai ga taurari masu dushi-dushi da kai ba za ka gani ba, amma kaifin hotonsa ba zai fi naka da wani abin kirki ba, duk da cewa madubinsa yana iya rarrabe abin da ya fi haka ƙanƙanta sau gommai da iska ta ƙyale shi.

Wani masanin taurari Ba'amurke mai suna Horace Babcock ne ya kawo shawarar mafita a 1953. Ya ce tun da iska ce ke lanƙwasa hasken, a auna lanƙwasar a kowane lokaci, sa'an nan a lanƙwasa madubi ta fuskar da ta saba mata, ta yadda hasken zai bar madubin a miƙe. Turawa suna kiran wannan fasaha adaftif oftiks, mu kuwa za mu iya ce mata fasahar madubi mai sauya siffa. A zamaninsa babu kwamfutar da za ta iya wannan lissafi da saurin da ake buƙata. Sojojin Amurka ne suka ci gaba da aikin a asirce a shekarun 1970 da 1980 domin leƙen taurarin ɗan'adam na Tarayyar Sobiyet, kuma sai a 1991 suka saki mafi yawan abin da suka gano. Kafin nan, a 1989, masanan Turai sun riga sun gwada nasu tsarin a wata cibiyar kallon taurari da ke kudancin Faransa, ya kuma yi aiki.

Abubuwa uku ne ke aiki tare. Da farko akwai ma'aunin hasken, wanda galibi faranti ne na ƙananan gilasai jere kamar saƙar zuma, kowanne yana jefa ɗigon hasken tauraro ɗaya a kan kyamara mai sauri. Idan hasken ya iso a miƙe, ɗigogin za su jeru daidai kamar sahu, idan kuma a yamutse ya iso, kowane ɗigo zai goce daga gurbinsa, kuma gocewar ce ke nuna yadda iska ta karkata hasken a wannan ɓangaren madubin. Kwamfuta ce ke karɓar wannan bayani ta lissafa gyaran da ya kamata, sa'an nan ta aika umarni ga madubin. Shi wannan madubi siririn gilashi ne da aka jera wa ɗaruruwan 'yan na'urori a bayansa, suna tura shi suna jan shi da gwargwadon da bai kai kaurin gashin kai ba, nesa ba kusa ba. A cibiyar Paranal da ke hamadar Atakama ta ƙasar Chile, inda Turawa suke da na'urori huɗu masu madubin mita 8.2 kowacce, ɗaya daga cikinsu tana da irin wannan madubi mai faɗin mita 1.1, kaurinsa milimita 2 kacal, da 'yan na'urorin turawa 1,170 a bayansa. Abin da ya fi burge ni shi ne saurin, domin siffar iska tana sauyawa cikin 'yan ɓangarori na dubu na daƙiƙa, don haka dole a auna, a lissafa, a lanƙwasa madubin kusan sau 1,000 a kowace daƙiƙa, tun daga magariba har asuba.

Kai kuma, Malam, akwai abin da za ka iya yi ba tare da kashe ko sisi ba. Ka fito da na'urar waje kamar rabin awa kafin ka fara kallo domin zafinta ya daidaita da na waje, musamman a sanyin Jos, inda na'urar da ta fito daga ɗaki take tayar da iska mai ɗumi a cikin bututunta. Kada ka saita ta ta saman rufin kwano da ya sha rana, ko ta inda janareto yake aiki. Ka jira wata ya ɗaga sosai, saboda idan yana ƙasa-ƙasa haskensa yana ratsa iska mai kauri ninkin-ba-ninkin. Sa'an nan ka ci gaba da ɗaukar bidiyon, ka bi shi a hankali a kwamfuta, za ka tarar da wasu 'yan hotuna a ciki da iska ta lafa a daidai lokacinsu, ramukan wata sun fito tar. Waɗannan za ka ware wa ɗalibanka.

Tambaya: Malam, na ga wani hoto a Facebook, wani gini a kan dutse yana harba haske ruwan goro guda huɗu zuwa sama da daddare. Wasu suna cewa makami ne. Gaskiya ne? (Wata ɗaliba daga Bukuru)

Amsa: 'Yar'uwa, ba makami ba ne, kuma bisa kwatancenki ginin nan na Paranal ne da na ambata a sama, wanda ya fara harba lezarsa huɗu a 2016 (leza haske ne mai ƙarfi da ke tafiya siriri a miƙe). Ma'aunin hasken yana buƙatar tauraro mai haske sosai kusa da abin da ake son kallo, amma mafi yawan sassan sama babu irin wannan tauraro a kusa. Sai masana suka ƙirƙiri nasu. A nisan kilomita kusan 90 sama da mu akwai wani siririn shimfiɗi na sinadarin sodiyam, wanda ƙananan duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya suke bari idan sun ƙone. Idan aka haska shi da leza mai launin da ya dace da shi, wato ruwan goron da kika gani, sai sinadarin ya yi haske, a sami ɗigo kamar tauraro a daidai inda ake so. Hasken wannan ɗigo yana saukowa ta cikin iskar da hasken taurarin gaske yake bi, don haka shi ake aunawa. Ana harba guda huɗu ne domin a auna iska ta fuskoki daban-daban, a gyara fili mai faɗi.

Akwai abu ɗaya da tauraron leza ba ya iya nunawa. Tun da hasken ya hau ta cikin iska ya kuma sauko ta cikinta, tsallen da hoto gaba ɗaya yake yi dama da hagu yana ɓacewa a awon, saboda haka har yanzu ana neman tauraron gaske, ko da mai rauni ne, domin wannan ɓangaren. Ina kuma so in ja hankalin masu sayen ƙananan leza na hannu a kasuwa: waɗancan cibiyoyi suna da tsarin da ke kashe hasken idan jirgi ya doso, domin leza tana iya dallare idon matuƙi. Kada a haska ta sama, musamman ga mazauna kusa da filin jirgin Heipang.

Tambaya: Akwai manhajar da zan sauke ta mayar da wayata irin wannan? Na ga wata tana cewa tana zuƙo abu sau 100. (Daga Wuse, Abuja)

Amsa: Babu, ɗan'uwa, kuma ina ba ka shawara kada ka biya kuɗi a kanta. Manhaja ba ta iya ƙara wa kyamara madubi ko gilashin da ba a saka mata ba, abin da irin waɗannan suke yi kawai shi ne su yanko tsakiyar hoto su buɗa shi. Wasu wayoyi dai suna da ƙanwar wannan fasaha a jikinsu: akwai ƙaramar na'ura mai jin rawar hannunka, tana motsa gilashin kyamarar ta fuskar da ta saba wa rawar. Amma rawar hannu take gyarawa, ba ta san komai game da iska ba. Bambancin da na fi so masu karatu su riƙe shi ne tsakanin gyara da ƙage. Madubi mai sauya siffa yana miƙar da ainihin hasken da ya taso daga tauraro kafin a ɗauki hoton, saboda haka duk abin da ya bayyana yana can da gaske. Manhajar da ke amfani da ƙirƙirarriyar basira ta ƙawata hoto kuwa tana iya cike gurbin abin da kyamara ba ta gani ba da abin da take zaton ya kamata ya kasance a wurin. Hoton zai yi kyau a ido, amma ba hujja ba ne, kuma bai kamata a dogara da irinsa ba a kan lamari mai nauyi kamar duban jinjirin wata.

Tambaya: Idan ana iya gyara hoto daga ƙasa, me ya sa ake kashe kuɗi a harba na'urori sama? Kuma tun da Jos tana kan tudu, ba za a iya gina irin wannan a nan ba? (Wani injiniya daga Rayfield, Jos)

Amsa: Ranka ya daɗe, kowacce da aikinta. Na'urar Hubble da aka harba a 1990 madubinta mita 2.4 ne, ta James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 kuwa mita 6.5, domin roka tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Amfaninsu shi ne suna saman iska baki ɗaya, suna kuma ganin nau'o'in hasken da iska take shanyewa kafin su iso ƙasa. A ƙasa kuwa ana iya gina madubi mai girman gaske, a kuma gyara shi idan ya lalace. Na'urori biyu na Keck a Hawai madubinsu mita 10 ne kowacce, kuma ana kan gina wata a Chile mai madubin mita 39, haɗe daga gutsattsari 798. Raunin fasahar shi ne ta fi aiki a hasken infared, wanda ido ba ya gani, kuma filin da take gyarawa a lokaci guda ƙarami ne.

Duk da haka abin da ta haifar ba kaɗan ba ne. Da taimakonta ne tawagar Reinhard Genzel a Chile da ta Andrea Ghez a Hawai suka bi sawun taurarin da ke tsakiyar gungun taurarin da rana take ciki, har suka ga ɗaya ya kammala zagayensa na kusan shekara 16, suka tabbatar da cewa yana kewaya wani abu ne da ba a gani, mai nauyin rana kusan miliyan 4, wato baƙin rami, abin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga ƙarfin jansa. Wannan aiki ya ba su rabin kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2020. Da ita kuma aka ɗauki hoton farko na wata duniya a wajen tsarin ranarmu a 2004, a Paranal. Har likitocin ido sun are ta, tun daga aikin da aka yi a Jami'ar Rochester a 1997, suna gyara karkatar da idon mutum yake yi wa haske domin su ga ƙwayoyin da ke bayan ido ɗaya bayan ɗaya.

Game da Jos, ina son garin nan, amma sai na faɗi gaskiya. Tsayinta kusan mita 1,200 ne sama da teku, duwatsun Shere kuma kusan 1,800, alhali Paranal ta haura 2,600, dutsen da Keck take kai kuma ya haura 4,000. Babban cikas ma ba tsayi ba ne. Daga Afrilu zuwa Oktoba gajimare ne ke rufe mana sama, da zarar damina ta ɗauke kuma sai hazon hunturu ya shigo, kuma madubi mai sauya siffa yana miƙar da hasken da ya karkace ne, ba ya dawo da wanda gajimare ko ƙura suka tare. Abin da Jos za ta iya ɗauka, kuma ya dace da ita, shi ne matsakaitan na'urori na koyarwa a jami'a da makarantu, tare da haɗin gwiwar hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, mai hedikwata a Abuja. Kwanakin da suka fi dacewa da kallo a nan su ne na ƙarshen damina, bayan ruwa ya wanke sama kuma kafin hazo ya sauka, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba.